Kundin da aka ce ya makara da shekara tara: fashin baƙi kan The Balcony da masu sharhin Landan

Ranar 15 ga Satumba 2014 wata ƙungiyar mawaƙa daga Llandudno, wani garin shaƙatawa da ke bakin teku a arewacin Wales, ta fitar da kundin waƙoƙinta na farko. Sunan ƙungiyar Catfish and the Bottlemen, sunan kundin kuma The Balcony. Waƙoƙi 11 ne a ciki, tsawonsu gaba ɗaya bai kai minti 40 ba. Mujallar NME, wadda ta shafe sama da shekara 60 tana naɗa wa mawaƙan Birtaniya rawani tana kuma tuɓe su, ta ba kundin maki ƙasa da rabi. Hukuncinta shi ne aikin ba shi da laushi ko dabara, kuma ya makara da wajen shekara tara. Wasu jaridun sun ɗan sassauta, suka yaba ƙarfin kiɗan da daɗin amshin, amma ko su ɗin ba su ce sun ji wani sabon abu ba. Shafin Metacritic, mai tattara makin da masu sharhi suka bayar ya fitar da matsakaici, ya ajiye kundin a sahun waɗanda ba yabo ba fallasa.

Kasuwa kuma ta yi nata hukuncin. Kundin ya shiga lamba ta 10 a jadawalin cinikin kundaye na Birtaniya. A 2015 ya samu shaidar zinare, wato ya haura kwafi 100,000, zuwa ƙarshen 2016 kuma ya kai matakin kwafi 300,000. A Fabrairun 2016 ƙungiyar ta lashe kyautar Brit ta sabbin tauraron da suka fi tashe, ta doke James Bay da Jess Glynne da Wolf Alice da Years & Years, kuma jama'a ne suka kaɗa ƙuri'ar. To wa ya yi kuskure, masu alƙalami ko masu sayen tikiti? Abin da nake gani shi ne kusan duk laifin da masu sharhi suka lissafo yana nan a cikin kundin, kunnensu bai yaudare su ba. Inda suka kauce shi ne da suka ɗauki makara a matsayin babban zunubi, suka kuma zaci har yanzu su ne ke riƙe da makullin ƙofa.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane wannan zancen na shekara tara. Kiɗan da Turawa ke kira indie asalinsa waƙoƙin da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu suke bugawa ne, waɗanda ba su ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai. Da tafiya ta yi tafiya sai sunan ya koma kan wani irin sauti: samari huɗu ko biyar, jita biyu, jita mai kaurin murya guda, ganguna, da mawaƙi mai rera hirar yau da kullum. A 2001 The Strokes na birnin New York suka farfaɗo da wannan salo, The Libertines na Landan suka ɗauka a 2002, Franz Ferdinand a 2004, sai 2005 ta zama shekarar da abin ya kai ƙololuwa, inda Bloc Party da Kaiser Chiefs suka fitar da kundayensu na farko, Arctic Monkeys na Sheffield kuma suka hau lamba ta ɗaya a watan Oktoba. Kundinsu na farko da ya fito a Janairun 2006 ya sayar da sama da kwafi 360,000 a mako guda, abin da wani kundin farko bai taɓa yi ba a ƙasar kafin nan. Ganin haka kamfanoni suka shiga rububin duk wasu samari masu jita da matsattsen wando. Kafin 2008 kasuwa ta cika ta batse da masu kwaikwayo, har ɗan jarida Andrew Harrison na mujallar The Word ya laƙaba wa abin sunan da ke nufin kiɗan juji, sunan kuma ya bi wannan salo har yau.

Idan aka cire tara daga 2014, 2005 za a samu. Abin da NME ke faɗa ke nan: wannan kaya mun saye shi, mun ci, mun ƙoshi, mun zubar da saura. Mai sharhin da ya zauna da The Balcony a 2014 ya riga ya saurari irinsa sau ɗari, kuma a lokacin hankalin jaridun ya koma wani wuri. alt-J, masu kiɗa mai sarƙaƙiya, su suka ci kyautar Mercury, wadda ake ba gwarzon kundin shekara, a 2012, a 2014 kuma Young Fathers na Edinburgh suka ɗauka da wani haɗin gambiza na hip-hop da ba a saba ji ba. Ko a ɓangaren jita, Royal Blood da suka hau lamba ta ɗaya a watan Agustan wannan shekara suna da abin nunawa, domin mutum biyu ne kacal suke tayar da ƙarar mutum biyar. Su kuwa Catfish babu wata sabuwar dabara da suka zo da ita. Furodusan da ya haɗa musu kundin ma, Jim Abbiss, shi ne wanda ya haɗa kundin farko na Arctic Monkeys, ya kuma yi aiki da Kasabian. Duk wanda ke neman hujjar cewa an koma gidan jiya, to ga ta a rubuce a bayan faifan.

Mu leƙa cikin kundin kansa. Waƙar da ta buɗe shi, Homesick, ba ta wuce minti biyu da rabi ba. Tana farawa da jita guda ana taɓa ta a hankali, muryar Van McCann, jagoran ƙungiyar, na bisa a kwance kamar mai magana da wani a waya cikin dare. Ba a jima ba sai ganguna da sauran jitocin su faɗo gaba ɗaya, muryar ta tashi ta koma kururuwa mai ɗan dushewa, sannan a sake sauka, a sake tashi, a gama. Wannan shi ne tsarin ginin kusan duka kundin: baiti a ƙasa, amshi a sama, ɗan tsaiko kafin amshin domin mai sauraro ya ja numfashi ya shirya. Kathleen da Cocoon da Pacifier duk a kan wannan tubali suke. Hourglass ce kaɗai aka sauke kayan lantarki aka bar murya da jitar katako, ita ce ma daga baya ɗan fim Ewan McGregor ya fito a bidiyonta. Tyrants, ta ƙarshe kuma mafi tsawo, wadda McCann ya ce ya rubuta tun yana ɗan shekara 14, ita ce ke ɗan sakin jiki, ta rage gudu a tsakiya sannan ta sake hawa har ta ƙure.

Wanda ya zauna shi kaɗai a ofis da na'ura a kunne, zuwa waƙa ta biyar ya riga ya haddace dabarar, ya san daidai inda amshi zai faɗo. A gare shi wannan aibi ne. Amma ga mutum dubu biyu da ke tsaye kafaɗa da kafaɗa a cikin zaure, sanin inda amshin zai faɗo shi ne gaba ɗayan daɗin, saboda da shi ne za su buɗe baki lokaci guda. Abin da ya gajiyar da mai sharhi shi ne ainihin abin da aka gina waƙoƙin dominsa.

Inda masu suka suka fi gaskiya shi ne kan kalmomin. Duniyar The Balcony ƙarama ce ƙwarai: saurayi da budurwa, shaye-shaye, rigima a waya, ɓacin rai, sha'awa, shiryawa, sake ɓatawa. McCann ya sha ambata Mike Skinner na The Streets a cikin waɗanda yake koyi da su wajen rubuta magana kamar yadda ake yin ta a titi, kuma akwai wuraren da hakan ya yi masa kyau, inda layi ke fitowa kamar an tsinto shi daga bakin wani a tashar mota. Sai dai Skinner da Alex Turner na Arctic Monkeys suna da ido, suna ganin mai gadin ƙofa da direban tasi da maƙwabcin teburi, suna ba kowa fuskarsa. A wajen McCann mutum biyu ne kawai a duniya, kuma ɗaya daga cikinsu, wato macen, da wuya a ji abin da take so ko take tunani. Tana nan ne a matsayin wadda ake bege ko wadda ake zargi. Hoton bangon kundin, zanen Tim Lahan na wasu mutum biyu marasa kai kowanne da hannunsa a jikin ɗan'uwansa, ya ƙara ƙarfafa wannan kallo. A ƙarshen 2014 kuma aka yi musu ca kan wasu kalaman batsa game da mata da aka gani a teburin da suke sayar da rigunansu a wajen wasa. Wannan suka ta dace, kuma yawan ciniki bai wanke ta ba. Da yawa daga cikin masu tsayawa a sahun gaba a wasanninsu 'yan mata ne matasa, sun kuma cancanci a rubuta su da mutunci fiye da haka.

Batun makara kuwa daban ne. An haifi McCann a Agustan 1992, wato a 2005 shekararsa 13, yana da 22 lokacin da kundin ya fito. Yaron da ya sayi The Balcony yana ɗan shekara 16 kuwa, a 2005 shekararsa bakwai, yana firamare. Bai ga The Libertines a ƙaramin zaure ba, bai yi layin sayen kundin Arctic Monkeys na farko ba, kuma lokacin da ya tasa Arctic Monkeys ɗin sun riga sun sauya sauti, sun koma yin aiki a Amurka. Cewa da wannan yaro abin da yake ji tsohon yayi ne, kamar ka shiga gidan biki ne ka ce wa amarya kiɗan da ake mata an riga an yi wa yayarta shi shekara tara da suka wuce. Gaskiya ka faɗa, amma bikin yau nata ne. Mai sharhi yana auna kundi da tarihin duk abin da ya taɓa saurara, wannan kuma aikinsa ne, ba laifi ba ne. Laifin yana zuwa ne idan ya manta cewa gajiyarsa tasa ce shi kaɗai, ya rubuta ta kamar hukuncin da ya hau kan kowa.

Akwai kuma abin da faifan ba ya nunawa, wato shekara bakwai da suka gabace shi. An kafa ƙungiyar a 2007. Iyayen McCann suna da ɗan masaukin baƙi a Llandudno, irin wanda ake kwana a karya kumallo a wuce, kuma sunan ƙungiyar ya samo asali ne daga wani makaɗin titi da ya gani yana ƙarami a Sydney ta Ostareliya, mutumin da ke kaɗa kwalabe da aka jera a jikin wayar ƙarfe. Shekaru suka yi suna yawo a cikin mota daga wannan mashaya zuwa wancan ƙaramin zaure. Da ba su samu mai gayyatarsu manyan wurare ba, sai suka riƙa zuwa filin ajiye motoci na wuraren da manyan ƙungiyoyi irin su Kasabian za su yi wasa, su kafa kayansu a nan waje, su yi wa masu jiran shiga kiɗa, su raba faya-fayan CD kyauta. A filin mota babu wanda ya biya kuɗi domin ya gan ka, kowa hankalinsa na kan ƙofa, ga sanyi, kuma daƙiƙu kaɗan gare ka kafin mutum ya juya baya. Wanda ya koyi sana'a a irin wannan wuri ba zai rubuta waƙa mai doguwar shimfiɗa ba. Zai kai ka amshi da wuri, ya maimaita shi har ya zauna, ya tsaya kafin ka gaji. Sai a 2013 kamfanin Communion, wanda Ben Lovett na Mumford & Sons yake cikin waɗanda suka kafa shi, ya ɗauke su, a 2014 kuma babban kamfanin Island ya shigo. Kafin kundin ya fito, an riga an fitar da kusan rabin waƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya, masoya sun haddace su. Hatta Billy Bibby, wanda ya kaɗa babbar jita a kundin, ya bar ƙungiyar kafin ranar fitowarsa, Johnny Bond ya maye gurbinsa. Saboda haka abin da ya isa teburin masu sharhi a matsayin gabatarwa, a wajen masoya tamkar takardar shaida ce ta abin da suka daɗe da sani.

Ina kuma matsayin Wales a cikin wannan labari? Nan ne abin ya fi ɗaukar hankalina. Wales ƙasa ce mai mutum miliyan uku da 'yan kai, kusan ɗaya cikin biyar na jin harshen Welsh, kuma dangantakar mawaƙanta da jaridun Landan ba ta taɓa zama mai sauƙi ba. Kafin shekarun 1990 a ce ƙungiyar rock daga Wales take abin zolaya ne a shafukan mujallun. Manic Street Preachers, 'yan garin Blackwood da ke yankin ma'adinan kwal, waɗanda suka tasa a zamanin yajin aikin masu haƙar kwal na 1984 zuwa 1985, sun sha wannan raini. A Mayun 1991, bayan wani wasa a Norwich, ɗan jaridar NME Steve Lamacq ya nuna shakkar ko da gaske suke, Richey Edwards kuwa, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya mayar masa da amsa ta hanyar yanka rubutu a hannunsa da reza, har sai da aka kai shi asibiti. Abin tausayi ne, kuma yana nuna irin nauyin da maganar ɗan jarida guda take da shi a wancan zamani. Kundinsu na farko, Generation Terrorists, ya fito a Fabrairun 1992 ya tsaya a lamba ta 13, bayan sun yi alkawarin sayar da miliyan 16. Ra'ayin masu sharhi ya rabu a kansa, amma ba wanda ya ce ba su da abin faɗa.

Daga nan jaridun suka saba da nau'i biyu na mawaƙan Wales. Akwai masu kaifin siyasa da karatu irin Manics, akwai kuma masu baƙon tunani da wasa da sauti irin Super Furry Animals, waɗanda kundinsu na farko Fuzzy Logic ya fito a 1996 a kamfanin Creation ya sha yabo, a 2000 kuma suka kai kundin Mwng, wanda gaba ɗayansa da harshen Welsh aka rera, har lamba ta 11. Jagoransu Gruff Rhys a Bethesda ya tashi, tafiyar ƙasa da awa guda daga Llandudno. Nau'i na uku shi ne wanda jaridun ba su taɓa sanin yadda za su yi da shi ba, wato masu kiɗa kai-tsaye domin talakawa su rera. Stereophonics na ƙauyen Cwmaman su ne misali. Kundinsu na farko, Word Gets Around na 1997, ya kai lamba ta shida, suka ci kyautar Brit ta sabbin shiga a 1998, kuma da farko an yaba yadda mawaƙinsu Kelly Jones ke ba da labarin mutanen garinsu. Da suka fara cika filayen wasa sai alƙalami ya juya musu, har a 2001 Jones ya fitar da waƙar Mr. Writer yana mayar wa wani ɗan jarida martani, abin da ya ƙara dagula tsakaninsu. A wannan layi na uku Catfish suka faɗo.

Sai dai akwai bambanci tsakaninsu da Stereophonics, kuma bambancin bai yi wa Catfish daɗi ba. A kundin Jones na farko ana jin Cwmaman, kasuwarta da gulmarta da makokinta. A The Balcony da wuya ka ji ƙanshin Llandudno, garin da ke da doguwar gada mai shiga cikin teku, da dutsen Great Orme a kansa, da jerin otal-otal da ke cika da tsofaffin baƙi da rani su koma shiru da hunturu. Yaron da ya tashi a masaukin baƙi, yana ganin fuskoki na shigowa suna fita kowane mako, yana da labarin da ba kowa ke da shi ba, amma bai ba da shi ba. Wannan rashi ne na gaske, kuma ya fi zancen makara nauyi nesa ba kusa ba. Wani ɓangare na dalilin yana ga yanayin wurin. Gaɓar arewacin Wales ta fi kusa da Liverpool da Manchester fiye da Cardiff, babban birnin ƙasar, kuma iyalai da yawa a can, har da na McCann, tushensu arewa maso yammacin Ingila ne. Oasis na Manchester su ne madubinsa, ba mawaƙan Cardiff ba. Saboda haka mai sharhin Landan da ya ji an ce ga ƙungiya daga Wales, ya saka faifai yana jiran wani abu na daban, sai ya ji lafazi da buri irin na samarin arewacin Ingila da ya riga ya gaji da su.

A cikin gida ma ba a yi watsi da su ba, ba a kuma ɗora su a kai ba. Kyautar Welsh Music Prize, wadda Huw Stephens da John Rostron suka kafa a 2011, ta sanya The Balcony cikin jerin 'yan takara na 2015. Alƙalan suka ba Gwenno kyautar saboda Y Dydd Olaf, kundin da aka rera da harshen Welsh da ɗan harshen Cornish a kan kiɗan na'ura. A ganina hukuncin ya yi daidai. Kyauta irin wannan an kafa ta ne domin ta haska aikin da kasuwa ba za ta haska da kanta ba, su kuwa Catfish ba sa buƙatar wannan fitila.

Saura tambayar da ta fi girma: me ya sa mummunan sharhi daga NME bai yi musu ko ƙwarzane ba? A zamanin da Manics suka fito akwai manyan jaridun kiɗa na mako-mako da ke iya tayar da ƙungiya ko su binne ta. Sounds ta mutu a 1991, Melody Maker ta bi ta a 2000 aka haɗe ta da NME. Ita NME, wadda a ganiyarta take sayar da wajen kwafi 300,000 a mako, zuwa 2014 ta sauko kimanin 15,000. A Satumban 2015 ta koma rabawa kyauta, a Maris 2018 ta daina fitowa a takarda duk mako. Wato a ranar da ta yanke wa The Balcony hukunci, masu sayenta a duk faɗin ƙasar ba za su cika babban zauren wasa na Manchester ba. Ƙarfin ya riga ya koma rediyo da waya. Steve Lamacq ɗin nan da ya yi wa Richey Edwards tambaya a 1991, shi ne a 2009 ya saka wata waƙar gwaji ta Catfish a tashar BBC 6 Music, shekara biyar kafin kundin. Zane Lowe ya tallata Kathleen a Radio 1. Shirin BBC Introducing, wanda ke zaƙulo mawaƙan da ba su da kamfani, ya ba su dandamali, ya kuma ba su kyautarsa a Disambar 2014. A Yulin wannan shekara aka fara lissafa sauraron waƙa ta intanet a jadawalin waƙoƙi, a farkon 2015 kuma aka shigar da shi na kundaye. A da matashi yana karanta sharhi ne domin ya san ko zai kashe kuɗinsa a kan faifan da bai taɓa ji ba. A 2014 ya riga ya ji waƙar sau ashirin a wayarsa kafin mujallar ta iso kanti.

Kada kuma a ɗauka cewa jaridun ba sa sauya ra'ayi. The 1975, waɗanda suka taso a Wilmslow kusa da Manchester, NME ta ba su lambar ƙungiya mafi muni a bikinta na 2014, sannan a 2016 ta zaɓi kundinsu na biyu a matsayin gwarzon shekara. Abin da ya jawo haka shi ne sun faɗaɗa, sun shigo da sautuka iri-iri, sun ba masu sharhi abin tattaunawa. Catfish ba su bi wannan hanya ba, kuma da gangan suka ƙi. Lokacin fitar da kundi na biyu, The Ride, McCann ya faɗa ƙarara cewa kowa ya dage sai ya fita daban, su kuwa sun zaɓi su tsaya kan abin da aka sani. Kundin ya fito a Mayun 2016 ya hau lamba ta ɗaya. Na uku, The Balance na 2019, ya tsaya a lamba ta biyu. Dukansu waƙoƙi 11 ne masu gajerun sunaye, da bango baƙi mai farin zane, da tsarin nan na baiti a ƙasa amshi a sama. A 2021 suna cikin manyan da suka jagoranci babban bikin kiɗa na Reading da Leeds.

A nan ne nake ganin zargin masu sharhi ya samu ƙafar tsayawa, amma a kan kundi na biyu da na uku. Ɗan shekara 22 da ya zuba waƙoƙin da ya rubuta tun yana 14 a faifansa na farko yana da uzurin ya yi kama da waɗanda ya tashi yana ji, kusan kowane kundin farko haka yake. Mutumin da ya kai shekara 26, ya zaga duniya, ya tsaya gaban dubban mutane, ya dawo da ƙaramin ɗakin nan mai mutum biyu da rigimar waya, shi ne ya kamata a tambaya ina sauran abin da ya gani. NME ta yi wannan tambaya a 2014, lokacin da McCann bai ga abu mai yawa ba tukuna ban da Llandudno da bayan mota da filayen ajiye motoci. Da ta dace a yi ta a 2019, mujallar ta shekara guda da daina fitowa a takarda.